Muhawara a kan "wlh", "grave" da haruffan da matasanmu ke ja a saƙonni

Malam Habibu:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wata magana da ta daɗe tana cin raina, kuma na ga ya dace in kawo ta nan domin akwai malamai da iyaye da ɗalibai a cikinmu. Maganar ta shafi kalmomin da yaranmu ke sakawa a saƙonnin salula idan suna son ƙarfafa zance, irin su "wlh" (wato wallahi) da na Faransanci "grave" (mai tsanani) da "trop" (ya wuce kima) da "mdr" (alamar dariya), da kuma yadda suke jan harafin ƙarshe har "sosai" ta koma "sosaiiiii".

Ina da ɗan ƙanwata da ke karatu a Yamai. A lokacin sanyin da ya wuce ya rubuto mini cewa, "Kawu wlh ba ni da lfy grave." Ina zaune a ƙofar gida a unguwar Birni, nan Damagaram, bayan sallar la'asar na ga saƙon, hankalina ya tashi, na kira shi sau uku bai ɗauka ba, na hau kabu-kabu na je na tura masa jaka goma domin ya je asibiti. Da dare ya kira ni yana dariya, ashe mura ce kawai ta kama shi. Bayan kamar wata biyu sai ga wani saƙo da kalmomi kusan iri ɗaya, har da "wlh" da "grave" ɗin. Na karanta, na ajiye salula, na ce a raina in na taso daga aiki zan neme shi. Sai bayan magariba abokinsa ya kira ni ya ce tun hantsi yaron yake kwance a asibiti ana ƙara masa ruwa. Allah ya ba shi lafiya, amma har yau ina jin nauyin waɗannan awoyi da na yi ban kira ba.

Abin da nake tambaya shi ne, idan yaro ya rantse da Allah a kan mura, ya kuma kira ta mai tsanani, da wace kalma zai gaya mini ranar da ciwon ya yi tsanani da gaske? Ina ganin yaranmu suna kashe kalmomin ƙarfafawa kamar yadda mai sabon kuɗi ke kashe kuɗinsa, ranar buƙata sai a tarar aljihu wayam.

Nafisa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ƙara masa lafiya, kuma Allah ya saka muku da alheri a kan kulawar da kuke yi masa. Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou, kuma ina cikin masu rubuta irin waɗannan kalmomi kullum, saboda haka ina neman izini in yi bayani daga ɓangarenmu.

Idan mutum yana magana da baki, muryarsa tana ɗauke da rabin saƙon. Da jin yadda ƙawata ta ce "to" zan san ko ta yarda, ko ta yi fushi, ko tana mamaki, ko kuwa so take in yi shiru. Rubutu ba ya ɗauke da wannan. Idan na aika wa ƙawata doguwar magana ta amsa da "to" kaɗai, musamman idan ta ɗiga aya a bayanta, zan kwana ina tunanin laifin da na yi mata. Idan ta rubuta "tooo" na san ta fahimta kuma ranta fari ne. Saboda haka jan harafin nan da kuke gani ƙoƙari ne na mayar wa rubutu muryar da ya rasa. Haka ma manyan haruffa: wanda ya rubuta "KI ZO YANZU" ya ɗaga murya ne, kuma kowa a cikinmu yana jin ta a haka.

Abu na biyu, a tsakaninmu akwai matakai da muka sani ko da ba wanda ya rubuta mana su. "Wlh" mai haruffa uku ba ta da nauyin "wallahi" da aka rubuta cikakkiya, ita ma ba ta kai "wallahi tallahi" ba. Idan magana ta wuce nan sai saƙon murya, idan ta wuce saƙon murya sai kira. Kuskuren ɗanku shi ne ya yi muku magana da ma'aunin da yake yi wa abokansa, alhali ku ba a kan wannan ma'aunin kuke karanta saƙo ba. A ganina wannan rashin sanin wanda ake magana da shi ne, kuma gyaransa ya fi sauƙi a kan a ce za a hana matasa kalmominsu.

Mutari mai gyaran salula:

Malam, ina gaisuwa. Ni aikina gyaran salula ne a kusa da Kasuwar Dole, kuma na fara wannan sana'a tun zamanin ƙananan Nokia masu madannai, don haka na ga yadda abin ya faro. Yanke kalmomi ba daga lalaci ya samo asali ba, daga tsimi ne. Saƙon SMS guda ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, kuma idan ka wuce ko da harafi ɗaya ne an caje ka kuɗin saƙo biyu. Shi ya sa "lafiya" ta koma "lfy", "na gode" ta koma "ngd", "ya kake" ta koma "ykk", sallama ta koma "slm". Ga kuma wahalar madannai, inda sai ka danna maɓalli ɗaya sau huɗu kafin ka sami harafin s.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba sa cikin jerin haruffan da aka tsara wa SMS tun farko. Da zarar ka saka ɗaya daga cikinsu, saƙon yana komawa wani tsari da haruffa 70 kawai yake ɗauka. To ka ga ko wayar da ke da su, mai ita zai guje su. Daga nan yara suka ɗauki q ta zama ƙ, suna rubuta "qarya", wasu kuma suka mai da x ta zama z, suna rubuta "xan xo".

Amma a nan zan goyi bayan Malam Habibu a kan abu ɗaya. Tun da WhatsApp ya shigo, babu mai ƙirga maka haruffa, kuma allon rubutu irin su Gboard yana da Hausa da haruffanta cikakku. Duk da haka jiya wani yaro ya bar mini wayarsa a buɗe domin in duba allonta, saƙon da ke sama cewa yake, "ngd sosaiiiiiiii". Ya cinye haruffa uku daga godiyar, ya ƙara bakwai a bayan "sosai". Wannan ya nuna mini cewa maganar tsimi ta wuce, yanzu abin ya zama ado da alamar cewa kai ɗan zamani ne.

Malam Lawali:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma ni ba ni da ja a kan "grave" ko "trop" ko jan haruffa, domin wannan sha'anin harshe ne, masana harshe su ne za su yi hukunci a kai. Inda nake so mu tsaya shi ne kan "wlh", saboda ita ba kalmar ado ba ce, rantsuwa ce da sunan Ubangiji.

Ɗiyata Nafisa ta ce mai haruffa uku ba ta kai cikakkiya nauyi ba. Na fahimci abin da take nufi a al'adarsu, amma mu duba abin da littattafai suka ce. Allah Maɗaukaki ya faɗa a Suratul Baƙara, aya ta 225, cewa ba zai kama mu da yasasshiyar rantsuwa ba, sai da abin da zukatanmu suka ƙudurta. Malamai sun yi saɓani a kan mece ce yasasshiyar rantsuwa. A wajen Imamu Shafi'i ita ce wadda ke gudana a harshe ba da niyya ba, irin "a'a wallahi" da "i wallahi" a cikin hira. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa, kamar yadda muke karantawa a Risala a zaurukanmu, ita ce mutum ya rantse a kan abin da yake zaton haka yake, daga baya ya bayyana ba haka ba ne. Saboda haka wanda ya rubuta "wlh zan zo gobe" kuma bai zo ba, bai kamata ya saki jiki da cewa haruffa uku ne kawai ya danna ba. Kaffarar rantsuwa a bayyane take a Suratul Ma'ida, aya ta 89: ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko ƴanta baiwa ko bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku. A cikin wannan ayar ce kuma aka ce mu kiyaye rantsuwoyinmu.

Ko da mun ɗauki fatawar da ta fi sauƙi muka ce babu kaffara, akwai maganar ladabi. A da, a garin nan, dattijo yana iya shekara bai ce wallahi ba, ranar da ya faɗa kuwa magana ta ƙare, ba mai sake tambaya. Yau yaro yana rantsuwa a kan cewa shayin fadarsu ya yi daɗi. Sa'annan a gajarce sunan Allah a mai da shi baƙaƙe uku saboda gaggawa, alhali mai rubutun yana da lokacin jera "h" goma domin dariya.

Nafisa:

Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan gyara, kuma gaskiya ban san bambancin da ke tsakanin mazhabobin biyu a kan wannan ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, yawan rantsuwar ba a salula muka koye shi ba. A kasuwa muka tashi muna jin mai sayarwa yana cewa wallahi bai sayo a haka ba, mai saye yana cewa wallahi ba shi da fiye da haka. Mu dai mun mai da shi rubutu ne, shi ya sa ya fito fili ana iya ƙirga shi.

Malam Lawali:

Wannan gaskiya ne ɗiyata, kuma laifin manya ba ya zama hujjar yara, amma ya nuna inda gyara zai fara. Sai dai ki lura da cewa mai rubutu yana da damar da mai magana ba shi da ita, domin yana ganin kalmar a gabansa kafin ya aika.

Hajiya Ramatu:

Sallama gare ku baki ɗaya. Na yi shekaru ina koyar da yara karatu da rubutu cikin Hausa kafin in yi ritaya, kuma wannan gari namu yana da tarihi a wannan fage, domin a nan Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a ƙasar nan, a shekarar 1973. Don haka maganar nan ta taɓa ni ta wata fuska dabam da wadda Malam Habibu ya kawo.

Ni jan wasali ba ya damuna ƙwarai. Waɗanda suka ga tsofaffin littattafan yaƙi da jahilci na ƙasar nan za su tuna cewa a da muna ninka wasali domin nuna tsawonsa, har aka zo aka daidaita rubutunmu da na Najeriya bayan taron Yamai na 1980 aka bar wannan, daga baya kuma dokar 1999 ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar. Tun daga nan "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, mai karatu ne ke rarrabewa da hankalinsa. Yaran yanzu sun dawo da ninka wasali domin wata buƙata dabam, kuma tunda yawanci a ƙarshen kalma suke yi, ban ga ya rikita ma'ana ba.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne asarar da ba a gani. Hausa ba ta taɓa rasa hanyar ƙarfafa magana ba, hasali ma tana da wadata a nan. Kusan kowace siffa tana da abokiyar tafiyarta da ba ta bin kowa sai ita. Fari fat ne, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar. Tulu yana cika maƙil, tufa tana jiƙewa sharkaf, tana bushewa ƙayau. Mutum yana tsayawa ƙiƙam, wuri yana yin tsit, abinci yana ƙarewa ƙaf, tsoho yana tsufa tukuf, riga tana zama sabuwa ful, marar lafiya yana warkewa garau. Ba ka isa ka ce "fari ƙirin" ba, ƙaramin yaro ma zai yi maka dariya. Kowace ɗaya tana zana hoto a idon mai sauraro, kana jin "sharkaf" ka ga ruwa yana ɗiga daga rigar.

To "grave" da "trop" fa? Su kamar cokali ɗaya ne da ake ci da shi, a sha da shi, a kwashi gishiri da shi. Fari grave, baƙi grave, yunwa grave, daɗi grave. Suna gaya maka cewa abin ya yi yawa, amma ba sa nuna maka kamanninsa. Yaron da ya saba da su ba ya buƙatar ya nemo kalmar da ta dace, kuma kalmar da ba a nemanta tana kwanciya ne har a manta inda aka ajiye ta.

Ranar Juma'ar da ta wuce jikokina biyar suna gidana a Zango, babbarsu tana aji na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare. Muna zaune a tabarma bayan cin abinci na ce mu yi wasa, ina faɗin kalma suna cikawa. "Fari" suka ce "fat" baki ɗaya. "Baƙi" suka ce "ƙirin". Da na ce "kore" sai biyu suka amsa. Da na ce "ya bushe" suka kalli juna, ƙaramin ya ce "sosai". Da na ce "ya tsufa" babbar ta yi shiru tana murza yatsu, ta ce, "Kaka, na san akwai wata kalma, tana bakina." Tana bakinta amma ba ta fito ba, ga shi kuwa yarinya ce mai ƙoƙari da ba ta taɓa kwana a wajen ƙasar Hausa ba. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa nake ta tunanin wace irin Hausa ce za mu miƙa wa sauran ƴan ƙasa su koya, idan mu masu ita muna zubar da irin wannan dukiya a hanya.

Alhaji Mamman Sani:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin faɗi abin da ban iya faɗa ba. Ni ɗan kasuwa ne, ina bin hanyar Matamaye da Daura zuwa Kano shekara da shekaru, kuma zan ƙara wata fuska. Da ina yaro, Hausar da muke yi a nan da wadda ake yi a Kantin Kwari ba ta buƙatar tafinta. Yanzu ɗana ne ke riƙe mini saƙonnin ciniki, ɗan abokin hulɗata na Kano shi ma yana riƙe na mahaifinsa. Watannin baya kaya suka iso mana lafiya, ɗana ya rubuta masa cewa, "Kayan sun yi kyau grave." Ba a jima ba sai ga kiran mahaifin da kansa yana tambaya ko an yi rasuwa ne, domin a Turancin Ingilishi da suka karanta wannan kalma kabari take nufi. Sai da na yi masa bayani cewa yabo ne yaron ya yi.

Yaranmu suna dariya da "mdr" da "ptdr" na Faransanci, nasu suna yi da "lol". Namu suna ƙarfafawa da "vraiment" da "carrément", wasu har da "dêh" da suka kwaso daga bidiyoyin Abijan, nasu kuma da "abeg" da "o" a ƙarshen jimla irin na kudancin Najeriya. Abin da ya rage da kowa ke ganewa shi ne "hhhh" da "wlh". Iyakar da Turawa suka shata ba ta raba harshen kakanninmu ba, ban so in ga salula ta raba na jikokinmu.

Nafisa:

Mama Hajiya, na karanta saƙonku sau biyu, kuma na gwada kaina da jerin da kuka kawo, biyu sun kuɓuce mini. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma akwai wurin da nake ganin ana ɗora wa aro laifin da ba nasa ba.

A makaranta an koya mana cewa "grave" na nufin abu mai tsanani marar daɗi, "trop" kuma abin da ya wuce kima. Matasan Faransa ne suka juya su suka mai da su na yabo, mu kuma muka karɓa. To amma mu duba Hausar gida wadda ba ta taɓa shiga salula ba. Kakata ba ta yi boko ba, amma idan miya ta yi mata daɗi cewa take "miyar nan ta yi mugun daɗi". Amarya takan yi "bala'in kyau", atamfa takan yi "masifar tsada", yaro yakan yi "azabar wayo". Mugunta da bala'i da masifa da azaba duk kalmomi ne masu nauyi, uku daga cikinsu ma daga Larabci muka aro su, kuma su ma cokali ɗaya ne da ke shiga kowace tukunya. Ba su kashe "fat" da "ƙirin" ba duk tsawon zamanin da suka yi tare. Ashe ɗabi'ar ɗan Adam ce idan kalmar ƙarfafawa ta dushe ya nemo wadda ta fi ta zafi. Aron ma ba hanya ɗaya yake bi ba, domin ita wannan "wlh" ɗin matasan biranen Faransa suna rubuta ta haka, sun karɓe ta daga ƴaƴan Larabawan Magrib da ke cikinsu.

Sa'annan akwai abin da ba a yaba mana ba. Ƙananan kalmomin nan, fa da dai da kam da ma da mana da kuwa, suna nan da ransu a saƙonninmu fiye da kowace kalmar aro. "Zo mana" roƙo ne, "zo fa" gargaɗi ne, "zo dai" lallashi ne, "ni kam" janye jiki ne. Babu Faransancin da ya iya karɓe wannan aiki, kuma ban taɓa ganin ƙawata ta yi kuskure a kansu ba.

Hajiya Ramatu:

Ɗiyata, hujjarki ta "mugun daɗi" mai ƙarfi ce, kuma ban yi tunaninta ba kafin ki kawo. Inda zan tsaya shi ne, kakarki ta koyi "mugun daɗi" da "ƙayau" a wuri ɗaya, a tsakar gida, daga bakin mata masu daka da masu tatsuniya, don haka duka biyun suka zauna mata. Ku kuwa awoyin da take yi a tsakar gida kuna yin su ne a kan allo, kuma abin da ke yawo a allon shi ne gajere mai saurin dannawa. Ban ce "grave" ce ta kori "ƙayau" da hannunta ba, cewa nake ta sami wurin ba kowa ta shimfiɗa tabarmarta.

Mutari mai gyaran salula:

Hajiya, ku ba ni dama in ƙara abu ɗaya a kan hotunan fuskoki, domin su ma ƙarfafawa ake yi da su, kuma a nan manya ne suka fi faɗawa rami. Fuskar nan mai dariya har da hawaye ita ce ta fi yawo, har masu ƙamus na Oxford suka zaɓe ta a matsayin kalmar shekara a 2015. Yara ba sa saka ta ɗaya, sai uku ko biyar, domin ɗaya tak a wajensu tana nufin abin bai ba su dariya ba. Wata baiwar Allah mai shekaru ta zo shagona ranta a ɓace, ta ce ƴan uwanta sun yi fushi da ita ba ta san dalili ba. Da na duba, an sanar da rasuwa a zauren danginsu, ita kuma ta jera wannan fuska guda huɗu a ƙarƙashin sanarwar. Hawayen ta gani, ta ɗauka kuka ne, ta ƙara yawansu domin ta nuna girman baƙin cikinta. Da na nuna mata bakin da ke buɗe yana dariya sai ta dafe kai ta yi ta salati. Na taimaka mata ta yi saƙon murya ta ba da haƙuri, kuma muryarta tana rawa ta isar da abin da hotunan suka kasa.

Malam Habibu:

Na gode wa kowa, kuma na ƙaru fiye da yadda na zata. Nafisa, kin sa na gane cewa saƙon ɗan ƙanwata yana da ma'auni, ni ne ban san ma'aunin ba, shi kuma bai san cewa ban sani ba. Amma ban sauka daga matsayina gaba ɗaya ba, saboda abin da nake gani a aji. Kin ce matasa sun san inda ake wannan rubutu da inda ba a yi. Ke kin sani, domin kin riga kin ƙware a rubutun ƙa'ida kafin ki fara wasa da shi. Yaran da nake koyarwa ƴan shekara goma sha uku ne zuwa sha biyar, da yawansu a salular yayyensu suka fara rubuta Hausa, ba su taɓa ganin ta a littafi ba. A wajensu "qarya" ita ce ƙa'ida. A zangon da ya wuce wani ɗalibi ya rubuto mini takardar neman izinin rashin zuwa, da alƙalami a kan takarda, ya rufe ta da "svp Malam wlh da gaske neee" ("svp" ita ce "don Allah" a Faransanci). Ba raini ya yi ba, iyakar ladabin da ya sani ke nan a rubuce. Na zaunar da shi muka sake rubuta ta tare, kuma na ga mamaki a fuskarsa da na ce masa jimlar "mahaifiyata ba ta da lafiya, ni zan kai ta asibiti" ta isa ba sai an ƙara mata komai ba.

Nafisa:

Malam, a kan ƙanana na yarda da ku ba tare da ja ba. Mama Hajiya, daren jiya na saka wasanku a zauren ƴan ajinmu, mu fiye da arba'in ne a ciki. An kai ƙarfe ɗaya ana gardama, ƴan Mirriya da ƴan Magariya da wata ƴar Maradi kowa yana kawo irin ta garinsu, har aka tara kalmomin da ni ban taɓa ji ba. An yi saɓani a kan ko "ja wur" ake cewa ko "ja jawur", kuma an ce in tambaye ku.

Hajiya Ramatu:

Duka biyun Hausa ne ɗiyata, ki gaya musu kowa ya riƙe wadda ya ji a bakin uwarsa. Ki rubuta waɗanda kuka tara a takarda tare da sunan garin da aka kawo kowace ɗaya, ki kawo mini gida ranar Asabar bayan la'asar, ina da wani tsohon kaye, wato littafin rubutu, da na fara irin wannan aiki a ciki ban ƙarasa ba.

Malam Habibu:

Jiya da dare na kira ɗan ƙanwata muka yi doguwar magana, na karanta masa abin da Malam Lawali ya rubuta a kan rantsuwa da abin da Nafisa ta ce game da matakai. Mun yi yarjejeniya cewa duk abin da ya shafi ciwo ko kuɗi ko hatsari zai kira ni ne, in ban ɗauka ba ya yi saƙon murya, in kuma rubutu ya zama dole ya faɗi abin da ke damunsa da sunansa, zazzaɓi ne ko ciwon ciki, kwana nawa, ya ga likita ko bai gani ba. Na tambaye shi jikin, ya ce ya warke garau, ya koma karatu tun makon jiya. A kan "wlh" kuwa ya ce hannunsa ya riga ya saba, amma zai riƙa duba saƙo kafin ya aika, ni kuma na ce masa duk ranar da na gan ta zan mayar masa da saƙon ya sake rubutawa.